Wasiƙa daga Bordo ta Faransa

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Ya zafin Garwa? Mu nan ruwa ake ta yi ba ƙaƙƙautawa.

Ka ce Inna na tambaya, wai wane irin karatu ne mutum zai wuni gaban kwamfuta har idonsa ya yi ja. To ka gaya mata, a kan abin da bai fi ƙwayar masoro ba nake wannan wahala. Wani ɗan ƙwanso ne, faɗinsa kamar milimita 2, ana zuba masa nau'i biyu na iskar haidurojin a daskarar da su. Sai a sa shi cikin ɗan gwangwanin zinariya a harba hasken leza. Zafin ya matse ƙwanson farat ɗaya, ƙwayoyin ciki su haɗe su ba da ƙarfi, irin abin da ke faruwa a cikin rana.

Matsewar ce matsala. Ka tuna yadda Inna ke mulmula fura? In hannu ya fi danna gefe guda, sai ta tsartu ta tsakanin yatsu. Haka ƙwanson yake. Ɗan ƙurji a bayansa, ko siririn bututun da ake ɗura iskar ta cikinsa, wanda gashin kai ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, ya isa ya watsa komai. Ƙera ƙwanso ɗaya akwai tsada, harbin kuma ba a yin sa barkatai, shi ya sa muke fara gwadawa a kwamfuta. Makon jiya lissafina ya kwana huɗu yana tafiya, ashe na yi kuskuren lamba ɗaya wajen kaurin daskararriyar iskar da ke cikin ƙwanson. Malamina bai ce uffan ba, ni dai na kasa cin abinci.

A Livermore ta Amurka, ranar 5 ga Disamba 2022, masana sun harba leza 192 kan irin wannan ƙwanso, ƙarfi megajul 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito (megajul ma'aunin ƙarfi ne). Amma wutar da na'urar ta sha kafin harbin ta kai wajen megajul 300. Saboda haka ka ce wa Kawu ya daina shelar cewa zan kawo wutar da za ta hutar da madatsar Lagdo. Da sauran rina a kaba.

Na turo kuɗin maganin Inna, ka sanar da ni in sun iso. In an samu mai tahowa, a haɗo ni da kilishi da yaji.

Ƙaninka