Barka da Sallah, da Batun Albasar Furen Inna

Zuwa ga Baba da Inna, da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda nake a nan, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya ƙara wa Baba da Inna lafiya da nisan kwana. Wannan ita ce Sallah ta uku da na yi a Holan ba tare da na gan ku ba, kuma abin da ya ɗebe mini kewa a safiyar nan shi ne furen amarilis da ke bakin tagar ɗakina. Na dasa albasarsa ran 10 ga Sha'aban, na ƙidaya mako 7 da niyyar ya buɗe a ranar Sallah, Allah kuwa ya nufa. Jiya biyu daga cikin furanni 4 da ke kan karan suka buɗe, yau da asuba na tarar na uku ya bi su, jajaye wur, kowanne ya fi tafin hannuna faɗi, ga kuma kara na biyu yana leƙowa daga gefen albasar.

Ganinsa ya tuna mini da saƙon da Auta ta aiko a cikin azumi, inda ta ce albasar da na kawo wa Inna a zuwana na ƙarshe ta yi fure sau ɗaya tak, daga nan shekara 2 ke nan ba ta fitar da komai sai ganye, duk da Inna tana ba ta ruwa safe da yamma, har an rage mata ganyen da almakashi don ya yi tsawo yana kwanciya a ƙasa. Ta ce Inna ta fara tunanin ko furen bai karɓi ƙasarmu ba ne. Inna, ki kwantar da hankalinki, albasar tana da rai, kuma ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa biyun nan da Auta ta ambata, wato yawan ruwa ba hutawa da yanke ganye, su ne suka hana ta fure, dukansu kuwa suna gyaruwa.

Maganar cewa bai karɓi ƙasar zafi ba, ba haka ba ne, domin asalinsa ma daga ƙasashe masu ɗumi yake. Furen da ake sayarwa da sunan amarilis, masana tsirrai suna kiransa Hippeastrum, kuma ya fito ne daga Kudancin Amurka, musamman Barazil da Peru da Boliviya da Ajantina, inda ake da nau'insa kusan 90 a daji. Ainihin mai sunan Amaryllis wani ɗan'uwansa ne na yankin Kef a Afirka ta Kudu. Masanin tsirrai Linnaeus ne ya sa sunan a 1753, wani masanin mai suna William Herbert ya ware na Amurka ya ba su nasu sunan a 1821, aka daɗe ana jayayya a kai, sai a taron masana tsirrai na duniya da aka yi a birnin Balin na Jamus a 1987 aka tsayar da magana, amma har yau a kasuwa da bakin jama'a amarilis ɗin ake cewa. Danginsu ɗaya da albasar kwaɗi da ke fitowa a fadama da farkon damina, kuma duk wanda ya lura da yadda ita take ɓacewa da rani ta dawo da fure idan ruwa ya sauka, ya riga ya fahimci rabin halin wannan. Sanyin ƙanƙara ne yake kashe shi, shi ya sa a nan sai a cikin ɗaki ko gidan gilashi ake rainonsa, alhali ku kuna iya barinsa a fili duk shekara.

A gidan gilashin da nake aiki a yankin Westland, kusa da birnin Hague, na ga abin da ya sa na daina kallon ganyen nan a matsayin abin banza. Wata rana mai kula da sashenmu ya ɗauki wata babbar albasa da ta sami rauni, ya raba ta biyu da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, ya nuna mini cikinta. A tsakanin ɓawon nan fari mai kauri akwai tohon fure ƙarami, bai fi yatsana ba, a naɗe cif da dukan sassansa, a can ciki kuma akwai wani da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, yana jiran lokacinsa. Ya bayyana mini cewa albasar tana ƙulla tohon fure ɗaya ne bayan kowane ganye 4 da ta fitar. Ke nan furen da Inna ta gani a shekarar farko manoman nan ne suka tara shi a cikinta kafin in saya, ita kuwa ta kashe ƙarfinta wajen fitar da shi har ta rame. Ganyen da ya biyo baya shi ne yake karɓar hasken rana ya haɗa abinci ya mayar mata, ta sake cika, ta ƙulla sabon toho. Idan aka yanke shi yana kore, an rufe mata hanyar abinci ke nan. Saboda haka ina roƙo, duk yadda ganyen ya yi tsawo ya kwanta, a kafa masa ɗan itace a ɗaure shi a hankali, kada a sake sa masa almakashi sai ya yi rawaya ya bushe don kansa.

Batun ruwa kuwa, ni ma na yi wannan kuskuren a shekarata ta farko. Na sayi albasa mai kyau na sa ta a tukunyar da ba ta da huji a gindi, ina zuba mata ruwa kullum don ɗokin in ga tsiro. Bayan mako 3 ba abin da ya fito, da na tono ta sai na tarar gindinta ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa, saiwoyin sun narke, tana wari. Abin ya dame ni ƙwarai, domin da hannuna na kashe ta. Albasar nan rumbun ruwa ce da kanta, abin da ta fi tsoro shi ne zama a cikin laima. Hanyar da za ku bi ita ce, a tura yatsa cikin ƙasar tukunyar zuwa gaɓa ta farko, idan an ji danshi a ƙyale ta, idan ta bushe a zuba ruwa a gefe har ya fita ta hujin ƙasa, kada a zuba a kan wuyan albasar inda ganye yake fitowa, kuma a zubar da wanda ya taru a faranti.

Ina so Auta ta juye tukunyar a cikin makon nan ta duba. Idan albasar tana da tauri kamar lafiyayyar albasar miya, saiwoyinta farare masu kauri, to babu damuwa. Inda ya ruɓe a yanke shi da wuƙa mai tsabta har a kai ga farin nama, a bar ta a inuwa kwana 2 wurin ya bushe, sannan a mayar da ita. Tukunyar ta zama mai huji, mai nauyi don kada dogon karan ya kifar da ita, kuma kada ta yi faɗi da yawa, tazarar yatsa biyu, wato santimita 2 zuwa 3, tsakanin albasar da bakin tukunya ta isa, domin tana son matsi, kuma ƙasa mai yawa tana riƙe ruwan da saiwa ba ta iya shanyewa. A haɗa ƙasa mai kyau da yashi da ruɓaɓɓen taki wanda ya huce sarai, a guji laka da ɗanyen taki. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne zurfi: kashi ɗaya cikin uku na albasar a waje yake zama, kafaɗunta da wuyanta suna shan iska.

Daga nan har ƙarshen damina aikinta ci ne kawai. A ajiye ta inda take samun rana da hantsi da inuwa da azahar, don zafin tsakar rana yana ƙona ganyen. A riƙa ba ta ɗan takin zamani da aka narka a ruwa sau ɗaya a mako 2, ba mai ƙarfi ba, kuma idan ruwan sama ya yi yawa a janye tukunyar ƙarƙashin rumfa. Alamar cewa aiki yana kyau ita ce a ga ganye 6 ko 8 masu kauri, albasar kuma tana cika tukunya. A wurin aikinmu da igiyar awo ake auna kewayenta, mai santimita 26 zuwa 28 takan ba da kara ɗaya ko biyu, wadda ta kai 34 ko fiye takan ba da biyu ko uku.

Sai hutu, wanda shi ne ta Inna ba ta taɓa samu ba. A nan idan albasa ta gama cika ana tone ta, a busar da ita, a ajiye a ɗakin da sanyinsa yake digiri 13 na tsawon mako 8 zuwa 10, kuma wannan zaman ne yake sa tohon da ke ciki ya shirya fitowa. Ku ba ku da irin wannan ɗaki, amma kuna da hunturu, bushewarsa da sanyin darensa suna yin aikin. Idan ruwa ya ɗauke, a rage mata ruwa a hankali har a daina gaba ɗaya, a daina taki, a kwantar da tukunyar a wuri mafi sanyi da inuwa a gidan, a manta da ita wata 2 ko fiye. Na san zai yi wa Inna wuya ta ga ganyen yana bushewa ta hana shi ruwa, amma a daure. Ban ba da shawarar sa ta a firiji ba, saboda sanyinsa ya yi mata yawa, kuma 'ya'yan itace irin su tuffa suna fitar da wata iska da ke lalata tohon da ke ciki. Bayan hutun a cire busasshen ganye, a sabunta ƙasar sama, a ba ta ruwa sau ɗaya, a jira har kan toho ya leƙo kafin a ci gaba da ba ta a kai a kai. Daga nan zuwa fure mako 6 zuwa 8 ne, a wurin ɗumi ma yakan fi sauri. Tunda Sallar baɗi za ta matso da kimanin kwana 11, idan aka tashi albasar daga hutun a tsakiyar Sha'aban ina sa ran za ta yi daidai. Karan yana bin haske, don haka a riƙa juya tukunyar kaɗan kullum don ya miƙe, idan furen ya buɗe kuma a matsar da shi inuwa ya daɗe. Da ya yi yaushi a tsinke kan furen, a bar karan ya bushe kafin a yanke.

Baba ya taɓa tambayata ko za a iya dasa shi a ƙasa a jikin katanga. Za a iya, ya ma fi yaɗuwa a haka, muddin an yi kunya mai tudu yadda ruwa ba zai kwanta ba, an bar santimita 30 tsakanin kowace biyu, wuyan kuma yana daidai da fuskar ƙasa. Iri ba zai yi wuya ba, domin babbar albasa tana goya 'ya'ya a gefenta, idan sun yi girma sun fitar da saiwarsu sai a ɓalle su lokacin hutu a dasa daban, cikin shekara 2 ko 3 su yi fure irin na uwarsu sak. Ana kuma shuka ƙwayarsa, baƙa ce mai faɗi kamar takarda, sai dai ba ta jure ajiya, kuma launin da za ta ba da yakan bambanta da na uwar. Ta hanyar haɗa iri ne ma wani mai gyaran agogo a Ingila, Arthur Johnson, ya samar da haɗaɗɗen iri na farko a 1799, abin da ya buɗe ƙofar ɗaruruwan launuka da ake gani yau. Na Inna sunansa Red Lion, irin wanda ke gabana yanzu.

A riƙa duba ganyen saboda wata baƙar tsutsa mai ɗigon rawaya da ke huda shi ta gangara har cikin albasar, da an gan ta a cire da hannu tun ba ta yi nisa ba. Idan kuma aka ga jan tabo yana bin ganye ko kara har yana tsagewa, cutar fumfuna ce da laima ke kawowa, sai a cire wurin da ya kamu a ƙone, a ware tukunyar daga sauran. Abin da ya fi damuna shi ne wannan, Baba: albasar tana da guba, tana sa amai da gudawa ga mutum da dabba, ga shi kuwa ta yi kama da ta ci. Lokacin hutunta kada a ajiye ta kusa da madafa, kuma a ɗora ta inda yara da awaki da kyanwa ba za su kai ba.

Na so in aiko wa Inna wata fara mai jan baki da na gani, amma tsiro ba ya tsallake iyakar ƙasa sai da takardar shaidar lafiyarsa daga hukuma, don haka na bari sai na zo da ita da kaina tare da takardar, in Allah ya yarda. Na tura hoton tawa a wayar Auta, gani ya kori ji. Ita ma idan ta juye tukunyar ta ɗauko mini hoton gindin albasar da saiwoyin kafin ta yanke komai, in duba in faɗa mata inda za ta sa wuƙa.

A gaishe mini da Yaya da iyalinsa, da su Gwaggo da Kawu, da maƙwabta baki ɗaya. Baba da Inna, ina neman addu'arku kamar kullum. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ɗanku.