Barka da Sallah daga Melbon, da bayanin zuwa ganin kowala

Assalamu alaikum. Baba da Inna, barkanku da Sallah, Allah Ya karɓi layya, Ya maimaita mana. Ina gaida Yaya da iyalinsa da ƙannena duka. Mun riga ku saukowa daga Idi, don agogon nan yana gaban naku da awa 9, ga hunturu ya kankama.

Tunda Kawu zai zo taro Ostireliya, yara kuma sun ɗora masa aikin ɗauko hoton kowala, dabbar nan ta Ostireliya mai zama a kan bishiya, ga yadda zai yi. Ɗaya daga cikin wuraren da ake zuwa ganinta daga Melbon shi ne gandun dajin Great Otway a jihar Biktoriya. A bi titin bakin teku da ake kira Great Ocean Road zuwa ƙauyen Kennett River, tafiyar awa biyu da rabi ko uku, sannan a kama hanyar Grey River. Shiga gandun kyauta ne, amma a yawancin sassansa ba a shiga da kare. A nan hagu ake tuƙi, titin kuma duk kwana ne, gara ya bar tuƙin ga wanda ya saba. Ya fita da sassafe da rigar ruwa, domin a wannan lokaci rana kan faɗi wajen ƙarfe biyar.

Kuskuren baƙi shi ne dubawa daga cikin mota. Kowala tana barci awa 18 zuwa 20 a rana, tana ƙudundune a inda reshe ya rabu biyu, launinta na toka ya saje da itace. Sai an ajiye mota gefe, an taka a hankali. A fara da duba ƙasa: kashinta ƙanana ne kamar ƙwallon dabino, masu warin ganyen turare. In an gan su a gindin bishiya, ga kuma karcen farce a jikinta, to a ja da baya a ɗaga kai, a bi rassan ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ta fi motsi.

Baba, bishiyar turaren nan da ake dasawa a wajenmu don tare iska, wadda wasu ke kira zaiti, asalinta daga nan ne, kuma ganyenta ne abincin kowala. Takan ci kusan rabin kilo a rana. Ganyen ba ya gina jiki sosai, ga guba da hanta ke wahalar tacewa, shi ya sa barcin ya yi yawa. Ba maye ba ne yadda ake faɗa. Ɗanta bai kai giram ɗaya ba ranar haihuwa, yakan yi wata shida a jakar cikin uwa kafin ya koma bayanta.

Sai dokoki. A Biktoriya an hana baƙo ɗaukar kowala, to yara su haƙura da hoton runguma. A tsaya nesa da ita kamar mita 10, kada a girgiza bishiya ko a yi ihu don ta buɗe ido. Farcenta na da kaifi, tana kuma cizo. In an tarar da ita zaune a ƙasa ba ta gudu, ko idonta ya yi ja, ko gindinta ya jiƙe ya yi datti, alamar ciwo ce, sai a kira Wildlife Victoria, ƙungiyar ceton namun daji. Kada a ɗura mata ruwa daga gora: in ta ɗaga kai, ruwan kan bi ta huhu ya kashe ta. A zuba a kwano a ajiye ƙasa ta lasa da kanta.

Yawan kowala a Otway kada ya ruɗi Kawu. A 2022 gwamnatin tarayya ta sa kowalar jihohin Queensland da New South Wales cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, bayan gobarar dajin 2019 zuwa 2020. A Cape Otway kuwa, wani yanki na Otway gaba da Kennett River, yawa ne ya yi musu illa: sun cinye ganye har bishiyoyi suka bushe, in ya ƙarasa can zai ga kututturansu farare tsaye a gefen hanya.

Inna, don Allah kada a haɗo Kawu da kilishi ko soyayyen naman Sallah. Ana binciken abinci sosai a filin jirgi, wanda bai bayyana abin da ya ɗauko ba kuma tara ce mai nauyi. A ci rabona, a gaida maƙwabta.

Ɗanku mai neman albarkarku.