Wasiƙa daga Haidarabad: labarin kakan jarumin da kake so

Haidarabad, Indiya

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da uwargida da yara. Ni ma nan lafiya ƙalau, karatu na tafiya, sai hamdala. Na ji labarin ƙaruwar da aka samu a gidan Yaya, Allah ya raya, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne.

Ka tambaye ni a saƙonka game da NTR, jarumin nan na fim ɗin RRR da kuke kallo a fassarar Indiya-Hausa, wai ko da gaske mutanen nan suna ji da shi kamar yadda ake faɗa. Suna ji da shi ƙwarai. Sai dai sunan da yake amsawa gadonsa ya yi, shi ya sa a nan NTR ƙarami ake ce masa. In ka ce wa dattijo NTR kawai, kakan zai ɗauka kana nufi, wato Nandamuri Taraka Rama Rao. Labarin tsohon ya fi ƙarfin saƙon waya, don haka ka samu wuri ka zauna.

Mu a gida duk fim ɗin Indiya kuɗin goro muke yi masa, mu ce na Bombay ne. To waɗannan daban suke. Harshensu Telugu, masu magana da shi sun haura miliyan 80, a jihohin Andhra Pradesh da Telangana. A zamanin tsohon jiha ɗaya ce, sai a 2014 aka raba ta. Finafinansu ma a lokacin a Madras ake shirya su, birnin da yanzu ake kira Chennai, kafin sana'ar ta tattaro ta dawo nan Haidarabad.

An haife shi ranar 28 ga Mayu, 1923, a wani ƙauye mai suna Nimmakuru a gundumar Krishna, gidan manoma. Yana karatu a Vijayawada yana kai madara gidajen abinci a kan keke don ya tallafa wa gida. A kwaleji ya fara hawa dandamali, inda malaminsa, shahararren marubuci Viswanatha Satyanarayana, ya sa shi ya fito a mace a wani wasan kwaikwayo. Ya yarda, amma ya ce gashin bakinsa ba mai taɓa shi, haka ya fito da abinsa. Ka riƙe wannan taurin kan, domin har ya koma ga Mahaliccinsa bai rabu da shi ba. Bayan ya gama digiri a Guntur ya samu aikin gwamnati a ofishin rajistar takardun filaye, irin aikin da iyaye ke yi wa ɗansu addu'ar samu. Bai cika wata guda ba ya ajiye, ya nufi Madras neman shiga fim. A 1949 ya fara fitowa, a matsayin ɗan sanda, cikin fim ɗin Mana Desam na darakta L. V. Prasad. Shekara biyu bayan nan Pathala Bhairavi ya fito, daga nan kuma sunansa ya shiga kowane gida.

Finafinansa sun kai wajen 300, kuma babu irin wanda bai yi ba, na soyayya, na barkwanci, na sarakunan da. Shi da Akkineni Nageswara Rao, mahaifin Nagarjuna, su suka riƙe sana'ar shekaru masu yawa. Amma abin da ya ware shi daban shi ne finafinan labaran addinin Hindu. Ya fito a matsayin Krishna, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, a fim ɗin Mayabazar a 1957, mutane suka ce to ga fuskar da suke nema, ya ci gaba da fitowa a haka har finafinai 17. Ya fito a Rama, wani abin bautarsu, cikin Lava Kusa a 1963. Abin ya kai masu ziyarar wurin bautarsu na Tirupati, in sun sauko daga dutsen, sai motocinsu su biya ta ƙofar gidansa a Madras, su yi cincirindo da sassafe suna jiran ya leƙo su gan shi. Ni da kai Musulmi ne, mun san bauta ta Allah ce shi kaɗai, kuma na san abin zai yi maka nauyin ji kamar yadda ya yi mini. Amma ba za ka gane abin da ya biyo baya ba sai ka san matsayin da talakawa suka ajiye shi a zukatansu.

Ni abin da ya fi burge ni a sana'arsa wani ne daban. Mutumin da ake yi wa wannan kallo, da wani ne da ya lafe a inda ake yaba masa, bai kuskura ya taɓa komai ba. Shi kuwa sai ya riƙa neman fitowa a mugayen labarin, irin su Ravana da Duryodhana, ya ba su kwarjini da hujja, har mai kallo ya tsaya ya saurari abin da ke cin ransu. A 1977 ya shirya Daana Veera Soora Karna, fim mai tsawon kusan awa huɗu, shi ne darakta, shi ya zuba kuɗi, kuma shi ya fito a manyan mutum uku na labarin. Yana da shekara 40 ya durƙusa gaban gwanin rawar gargajiya ta Kuchipudi, Vempati Chinna Satyam, ya koyi rawar saboda fim ɗaya tak. Tun kafin asuba yake tashi, kuma ba a san shi da makara wurin ɗaukar fim ba. Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Shri a 1968. Ga wani abu da na san zai ba ka mamaki, kai mai son Sridevi: tana yarinya ta fito a jikarsa a 1972, a 1979 kuma ta fito a budurwarsa. Wannan kam ni ban ga kyansa ba, amma ya nuna maka tsawon zamanin da ya yi yana jan zarensa.

Yanzu ga inda labarin ya juya. A tsarin Indiya, gwamnan jiha daga Delhi ake naɗo shi, mai mulki na gaskiya shi ne babban minista, wanda jam'iyya mai rinjaye a majalisar jiha ke fitarwa. Tun da aka kafa Andhra Pradesh jam'iyyar Congress ke riƙe da ita, kuma tsakanin 1978 da farkon 1983 sai da Delhi ta jera musu manyan ministoci huɗu, a ɗora wannan a sauke wancan, ba tare da an tambayi mutanen jihar ba. A farkon 1982 Rajiv Gandhi, wanda a lokacin ɗan majalisa ne kawai amma ɗan firaminista Indira Gandhi, ya ci mutuncin babban minista T. Anjaiah a bainar jama'a a filin jirgin Begumpet na nan Haidarabad, saboda hayaniyar tarbar da aka shirya masa. Ba a jima ba aka sauke dattijon. Abin ya yi wa mutanen Telugu ciwo ba kaɗan ba.

Ranar 29 ga Maris, 1982, Rama Rao, yana dab da shekara 60, ya kafa jam'iyyar Telugu Desam a nan Haidarabad. Kalmarsa ɗaya ce, mutuncin mutanen Telugu. Manyan 'yan siyasa suka yi dariya, wai ɗan wasan kwaikwayo. Ya ɗauko wata tsohuwar mota ƙirar Chevrolet, aka gyara ta, aka yi mata wurin tsayawa a sama da lasifika, ya sa kaki irin na ma'aikata ya shiga ƙauyuka. Direban motar ɗansa ne Harikrishna, mahaifin wannan NTR ƙaramin naka. A motar yake kwana, a bakin hanya yake wanka, ya wanke kayansa da kansa mutane na kallo. Alamar jam'iyyar keke ce, tutarta rawaya. Yawancin 'yan takarar da ya tsayar sababbin jini ne, lauyoyi da likitoci da malamai da 'ya'yan ƙabilun da aka daɗe da mayarwa baya. A zaɓen Janairun 1983 ya kwashe kujeru sama da 200 cikin 294. Wata tara kacal da kafa jam'iyya. Ranar 9 ga Janairu aka rantsar da shi, ba a fadar gwamna ba kamar yadda aka saba, a filin wasa na Lal Bahadur, gaban dubban talakawa.

Mutane da yawa, har da wasu 'yan ajinmu daga arewacin Indiya, cewa suke yi ai jahilai ne suka zaɓi abin bautarsu na fim. Ni ban yarda da wannan ba, kuma shi ne ainihin abin da nake so in faɗa maka. Fim ya tara masa jama'a, wannan babu musu. Amma jarumai nawa suka shiga siyasa a jihar nan bayansa, da farin jininsu da komai, ba su kai ko kusa da inda ya kai ba? Shi ya zo da magana a lokacin da mutane ke jin an raina su, sannan da ya hau ya sa musu abinci a tukunya. Shinkafa kilo ɗaya rupi biyu ga talaka. Har yau in ka zauna da tsofaffin masu tuƙa keke-napep ko masu shara, wannan shinkafar za su fara ambata kafin kowane fim. Ya rushe tsarin masu riƙe da littafin filayen ƙauye ta hanyar gado, waɗanda manoma, musamman a yankin Telangana, suka daɗe suna kuka da su. Ya rarraba manyan gundumomi zuwa ƙanana da ake kira mandal don hukuma ta matso kusa da ƙauye. A tsakiyar shekarun 1980 ya yi dokar da ta ba 'ya mace Hindu rabo daidai da namiji a dukiyar kakanni, abin da Indiya gaba ɗaya ba ta yi ba sai 2005. Mu da addininmu ya yanka wa mace rabonta tun tuni ba lalle mu ga girman wannan ba, amma a wurinsu babban al'amari ne.

A Agustan 1984, ya dawo ke nan daga aikin zuciya a Amurka, ministan kuɗinsa Nadendla Bhaskara Rao ya haɗa baki da gwamna Ram Lal aka sauke shi. Da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da ɗinkin ƙirjinsa bai gama warkewa ba ya kwashi 'yan majalisarsa ya kai su Delhi gaban shugaban ƙasa Zail Singh don a ƙirga su, sannan aka ɓoye su a jihar Karnataka kada a saye su. Jihar ta rikice da zanga-zanga, jam'iyyun adawa na ƙasar duka suka mara masa baya. Dole aka canza gwamna, ranar 16 ga Satumba aka mayar masa da kujerarsa, wata ɗaya cif. A ƙarshen shekarar, bayan kisan Indira Gandhi, Congress ta share ƙasar da kujeru sama da 400, amma a Andhra Pradesh ta sha ƙasa. Telugu Desam ta samu kujeru 30, ta zama ta biyu a majalisar ƙasa, jam'iyyar jiha ɗaya tak.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Mulki ya yi shi kamar yadda darakta ke tafiyar da wurin ɗaukar fim, shi ke faɗa, kowa ya bi. Da hawansa ya rage shekarun ritaya daga 58 zuwa 55, dubban ma'aikata suka wayi gari ba aiki ba shiri. A 1989 ya kori ministocinsa gaba ɗaya a rana guda saboda bayanan kasafin kuɗi sun fita kafin lokaci. Yana kan kujera ya koma shirya fim. A ƙarshen shekarar mutanen da ake cewa bauta masa suke yi suka kayar da shi a zaɓe, wanda ya ƙara nuna maka cewa da hankalinsu suke jefa ƙuri'a.

Ya dawo a Disamban 1994 da kujeru 216, Congress ta tsira da 26. Wannan karon matan karkara ne suka ɗauko shi. Tun 1992 matan gundumar Nellore suka tashi tsaye kan giyar da ke cinye kuɗin cefane tana jawo musu duka, ya yi musu alkawarin haramta ta, kuma da hawansa ya cika. Sai dai matarsa ta fari, Basavatarakam, uwar 'ya'yansa goma sha biyu, ta riga ta rasu da ciwon daji, kuma a 1993 ya auri Lakshmi Parvathi, wadda ta zo rubuta tarihin rayuwarsa. 'Ya'yansa da manyan jam'iyya suka ga hannunta ya yi yawa a harkar mulki. A Agustan 1995 surukinsa Chandrababu Naidu, mijin 'yarsa, ya tara yawancin 'yan majalisar a otal ɗin Viceroy, da goyon bayan wasu daga cikin 'ya'yan tsohon na cikinsa. Ya je ƙofar otal ɗin da kansa yana kiran mutanen da shi ya fito da su, aka jefo takalma wajen motarsa. Ranar 1 ga Satumba Naidu ya zama babban minista. Ranar 18 ga Janairu, 1996, zuciyar tsohon ta buga, ya rasu yana da shekara 72.

Wannan wurin yana taɓa ni sosai. Masu kare Naidu suna cewa jam'iyyar ce ya ceta, kuma ga shi har yau tana raye, shi ne ma babban ministan Andhra Pradesh tun 2024. Ina jin hujjarsu. Amma dattijo mai ciwon zuciya, uban matarka, ko me ya yi akwai hanyar da ta fi wannan. Dokar hana giyar ma a 1997 aka soke ta. Wurin tunawa da shi na nan bakin tafkin Hussain Sagar a Haidarabad, iyalai na zuwa da yara, kuma duk fostar jam'iyyar da za ka gani hotonsa na sama. A 2023, da ya cika shekara ɗari da haihuwa, gwamnatin Indiya ta buga kwabon tunawa na rupi 100 da fuskarsa.

In za ka nemi fim ɗinsa ɗaya, nemi Mayabazar. An mayar da shi mai kala a 2010, kuma akwai barkwancin da ko ba ka jin Telugu za ka yi dariya. In masu fassarar nan na Kano ba su taɓa shi ba, ka ba su shawara, tunda kana hulɗa da su a shago.

Ka gaishe mini da Inna ƙwarai, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. In an samu mai tahowa a aiko mini da yaji da kuka, nawa sun kusa ƙarewa. Ka rubuto mini yadda aka ƙare da maganar filin nan na bayan gari. A gaida uwargida da yara da duk mutanen majalisa.

Wassalam,
Naka amini har kullum