Sanarwa ga masu neman gurbin MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci) a ƙasashen waje

Assalamu alaikum ƴan uwa. Yawancin makarantun kasuwanci na Amurka kan rufe zagayen farko na karɓar takardun neman gurbi a watan Satumba, na biyu kuma a Janairu. Mai fatan samun tallafin kuɗin makaranta kada ya jira zagaye na uku, kafin lokacin an raba mafi yawan kujeru da kuɗin.

Ku fara da takardar sakamakon jami'a, domin ita ce ke cin lokaci. A nemi tun wata uku kafin ranar rufewa. Idan makaranta ta buƙaci tantancewar WES (cibiyar da ke auna takardun karatun wasu ƙasashe), jami'arku ce za ta aika musu kai tsaye, wadda kuka aika da hannunku ba ta karɓuwa.

Jarrabawar GMAT (ta shiga makarantun kasuwanci) ta yanzu awa 2 da minti 15 ce, maki daga 205 zuwa 805, sakamakonta na aiki shekara 5. Na IELTS da TOEFL (jarrabawoyin gwada Turanci) shekara 2 kacal, don haka kada a yi gaggawar zana su.

Batun wasiƙar shaida kuwa, nan ake yawan tuntuɓe. Ku ba shugabanku na wurin aiki wanda ya san aikinku ciki da bai ya rubuta muku ita, ba wani babban mutum da bai taɓa ganinku a ofis ba. Masu tantancewa misalai suke nema: wane aiki ka jagoranta, mutum nawa, me ya fito. A ba marubucin aƙalla mako shida.