Zuwa ga ɗana da ke Fulorens, ƙasar Italiya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, muna nan lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Saƙonninka na murya sun iso, kuma na ji daɗi da ka yi amfani da hutun makaranta ka fita kai kaɗai ka ga gari. Sai dai akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Ka ce da ka fito daga tashar jirgin ƙasa ta Santa Maria Novella ka yi arba da ƙubbar babbar majami'arsu, sai ka ji kamar mu ba mu taɓa yin komai a duniya ba.

Ƙubbar ta isa a yi mamakinta, ban musa maka ba. Brunelleschi, wanda asalin sana'arsa ƙirar zinariya ce, ya fara ta a 1420, aka rufe ta a 1436, da jan bulo sama da miliyan 4, ba tare da an kafa katakon da zai tallafe ta daga ƙasa ba. Kada ka tsaya ɗaukar hoto daga waje kawai. Ka sayi tikiti ka hau matakala 463 ɗin nan. A hanya za ka bi ta wani ɗan lungu tsakanin ƙubbar ciki da ta waje, nan ne za ka ga yadda magina suka jera bulo a karkace, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa. Mutane ne suka yi wannan da hannu, shekara 16 suna hawa suna sauka.

Daga nan ka wuce kasuwar San Lorenzo, wurin masu jakunkuna da ɗamara da rigunan fata. Kai jikan majema ne, kada ka shiga kamar baƙon da bai san fata ba. Ka ɗauki jaka ka sunsuna, ka matsa ta da yatsa ka ga ko tana komawa, ka juya bakinta ka dubi ɗinkin ciki. Akwai na kirki, akwai kuma wanda fenti ne kawai aka shafa, kuma ba laifi ba ne ka yi ciniki. In kana son ganin aikin gaske, ka je bayan majami'ar Santa Croce, akwai makarantar dukanci da aka buɗe bayan Yaƙin Duniya na Biyu don koya wa marayu sana'a. Har yau ana yanka ana ɗinki a gaban mai kallo.

In kana tsaye a wurin, ka tuna cewa fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa a Kano, Italiya na cikin manyan masu sayensu. Tun kafin a haifi kakanka, fatar jan akuyar Sakkwato ke keta Sahara a bayan raƙuma, Turawa na saye a hannun 'yan Maroko suna kiranta da sunan Maroko. Su mutanen Italiya suna jima da ɓawon itace a garuruwan bakin kogin Arno, wanda ya ratsa Fulorens, mu da bagaruwa. Abin da suka fi mu, a ganina, shi ne haƙurin ƙarasa aiki: goge baki, daidaita ɗinki, da kare sunan gida. Mu kuwa muna sallamar da fata tun tana rabin aiki, riba ta tafi da ita. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai, kuma shi nake so ka buɗe ido ka koyo.

A nan kusa da Santa Croce ka ɗaga kai ka dubi bangaye, za ka ga alamun inda ruwa ya kai a ambaliyar 4 ga Nuwamba 1966, sama da tsayin mutum nesa ba kusa ba. Gadar Ponte Vecchio kuwa, da kake cewa zinariyar shagunan kanta ta kashe maka ido, mahauta ne a kanta kafin sarkin garin ya tashe su a 1593 saboda wari. Ka kalla ka wuce, kuɗinka ba na wurin ba ne.

Batun abinci, ka yi hattara. Naman alade yana shiga abubuwa da yawa, har kitsensa a wasu nau'o'in burodi da kek, don haka ka tambaya kafin ka ci, babu kunya a ciki. Za ka ji burodinsu salam babu gishiri, haka suke yin sa. In ka sayi tikitin bas na takarda, ka buga shi a na'ura da zarar ka shiga, don masu bincike ba sa jin uzurin baƙunci. Fasfo kuma ya zauna a aljihun ciki.

Za ka ga 'yan Senegal da 'yan Bangaladash suna talla a bakin titi. Ka yi musu sallama, kada takardar ɗalibta ta sa ka ɗauke kai. Nema ya kawo su, kuma su ne za su nuna maka inda ake sallar Juma'a da inda ake sayar da naman halal.

Mahaifiyarka ta ce ka riƙa komawa masauki da wuri, kuma ka kira ta ranar Juma'a bayan la'asar. Ni kuwa ka turo mini hoton ɗinkin cikin jakar da ta fi burge ka, ka ɗauka kusa sosai yadda zan iya ƙirga zaren.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka