Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Hafsan Sojan Ƙasa: a naɗi muryar tsofaffin 'yan igwa tun suna da rai

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah ya yi riƙo da hannunka a kan wannan nauyi da ka ɗauka. Ni ba soja ba ne, amma ɗan bariki ne, da ƙarar bigila na saba tashi tun ban san hagu da dama ba. Mahaifina tsohon hafsan igwa ne, abin da 'yan jarida ke kira atilare yanzu. Ya doshi shekara tamanin. Kunnensa na dama ya mutu tun kafin a haife ni, shi ya sa duk mai son magana da shi sai ya zagayo ta hagu. Saboda shi da ire-irensa na ɗauki alƙalami.

Shekara da shekaru Baba bai taɓa yi mana zancen yaƙi ba. In mun tambaya sai ya ce, "Abin da ya wuce, Allah ya yafe mana." Sai bayan rasuwar wani amininsa da suka yi aiki a kan igwa ɗaya, ranar sadakar uku, muna zaune a zaure bayan jama'a sun watse, ya aike ni na ɗauko masa wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai ƙaramin littafi da asu ya ci gefensa, cike da lambobi da fensir, layi bayan layi, sai wani guntun taswira da ya rine ya zama kalar ƙasa. Ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce, "Wannan lissafin da kake gani, rayukan mutane ne." Daga ranar bakinsa ya buɗe, ni kuma na fara naɗa da wayata.

Ka fi ni sanin yadda aka tara su. Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, sojan Najeriya duka bai wuce mutum dubu 10 ko kusa da haka ba, kafin a gama a Janairun 1970 ya kai wajen dubu 250. Manyan da suka riga su sun sami horo mai tsawo, wasu a makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst, wasu a ta Mons, sannan aka tura su makarantar igwa ta Larkhill a Ingila. Su Baba ba su sami wannan gatan ba. Ya ce an zaɓe shi ne don kawai ya iya lissafi a makaranta, aka ba su horo na 'yan watanni a Kaduna, aka maƙala masa tauraro a kafaɗa, sai fagen daga. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma su a kan hanya aka fafe nasu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake bayyana aikin. Ya ce mai bindiga yana ganin wanda yake harbi, ɗan igwa kuwa ba ya gani. Igwar tana can baya, bayan tudu ko cikin gonar rogo. Wani hafsa yana gaba tare da sojan ƙasa, riƙe da madubin hangen nesa da kamfas da taswira, shi ne idon igwa. Shi zai yi magana ta oba-oba ya faɗi inda abokan gaba suke. Na baya su zauna su lissafa nisa da kusurwa, su duba iska, su duba zafin rana domin shi ma yana sauya ƙarfin albarushi, su yanke yawan ƙunshin albarushin da za a zuba. A saki harsashi ɗaya a jira. Na gaba ya ce a ƙara, ko a rage, ko a karkata dama kaɗan. Sai ya faɗa daidai sannan a buɗe wuta gaba ɗaya. Ƙaramar igwarsu mai baki milimita 105, ƙirar Italiya, tana jefa harsashi mai nauyin kusan kilo 15 zuwa nisan kilomita 10. A wannan nisa, kuskuren digiri ɗaya tak yana kai harsashi kusan mita 175 daga inda aka nufa. Mita 175 ɗin nan, in ji Baba, ita ce tazarar da ke tsakanin ramin abokan gaba da naka yaran, ko tsakaninsa da kasuwar ƙauye.

Ya yi aiki a Runduna ta Ɗaya, wadda Kanar Muhammadu Shuwa ya jagoranta, wadda ta ci Enugu a Oktoban 1967 ta kuma shiga Umuahia a Afrilun 1969. Amma in yana ba da labari ba sunayen garuruwa yake kamawa ba. Laka yake tunawa, yadda damina ke riƙe tayar igwa har sai mutum goma sun sa kafaɗa. Yana tuna taswirar da ta tsufa, ta nuna daji a inda gari ya riga ya zauna. Yana tuna wani samanja, tsohon ɗan Boma, wato wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Boma, wanda bai iya karatun boko ba amma in ya saurari kukan harsashi a sama zai faɗa maka ko na kwantawa ne ko na wucewa. Yana tuna daren da ya ƙi bayar da umarnin harbi saboda lambobin da aka aiko ba su kwanta masa ba, ya sha zagi ta oba-oba, da gari ya waye aka ga 'yan gudun hijira ne suka kwana a wurin. Akwai kuma wani dare da ya bayar da umarnin. Wannan bai taɓa ƙarasa mini labarinsa ba. Yakan yi shiru, ya jawo carbi.

Ranka ya daɗe, waɗannan mutane suna tafiya. Birgediya Abba Kyari, wanda ya shugabanci 'yan igwa kafin ya zama gwamnan soja na tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya, ya rasu a 2018. Janar Domkat Bali, ɗan igwa da ya kai har Ministan Tsaro, ya bi shi a 2020. Alexander Madiebo, wanda ya riƙe rundunar igwa a Kaduna kafin rikici ya mai da shi kwamandan sojan Biyafara, ya mutu a 2022, shi dai ya bar littafi. Marubuta tarihin yaƙin suna ambaton Laftanan Gado Nasko, wanda daga baya ya yi gwamnan Sakkwato da ministan Abuja, a matsayin wanda ya yi harbin farko na yaƙin a garin Gakem ranar 6 ga Yulin 1967. Waɗannan manya ne, sunansu ya shiga takarda. To ina kofur ɗin da ya cusa harsashin, ina sajen da ya daidaita kan igwar? Su wa ya tambaye su?

Mun riga mun yi wannan asara sau ɗaya. Kakanninmu da suka je Boma a Runduna ta 81 da ta 82 sun kwance igwa gunduwa-gunduwa, suka ɗauke ta a ka cikin dazukan Arakan, inda mota ba ta shiga. Yau yaro ya tashi a gefen barikin Kalapanzin a Kaduna, ko Myohaung a Legas, bai san cewa sunayen kogi da gari ne a can Boma, inda aka binne danginsa, ba. Labarinsu da ya saura galibi Turawan da suka jagorance su ne suka rubuta, da idonsu da harshensu.

Roƙona bai fi ƙarfin ofishinka ba. Ka umarci hedikwatar rundunar igwa da ke Kontagora da makarantar igwa ta Kachia su fitar da 'yan matasan hafsoshi, a haɗa su da masana tarihi irin na Gidan Arewa a Kaduna, su bi tsofaffin nan gida-gida da na'urar naɗar murya. Sunayensu da garuruwansu suna nan a rajistar fansho da ta ƙungiyar 'yan mazan jiya. A bar kowa ya yi magana da harshen da yake mafarki da shi, Hausa ko Tibi ko Angas ko Yarbanci, domin tsohon soja in aka sa shi Turanci rahoto zai ba ka, ba zuciyarsa ba. Kuma a tsallaka kogin Kwara a je wa waɗanda suka tsaya a ɗaya ɓangaren, waɗanda suka ƙera ogbunigwe, bama-baman da Biyafara ta haɗa da hannunta, da waɗanda harsashinmu ya faɗo musu a tsakar gida. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia ya adana ƙarafa, amma ƙarfe ba ya magana.

Kada a ɗauka wannan aikin tuna baya ne kawai. Daren 3 ga Disambar 2023, lokacin da jirgi marar matuƙi na soja ya jefa wa masu Mauludi bom a Tudun Biri, aka rasa mutum fiye da 80, Baba ya kwana bai runtsa ba. Da safe ya ce mini, "Na'ura ta sauya, amma ciwon ɗaya ne: bugun abin da ba ka gani da idonka ba." Ina so matashin laftanan da ke koyon lissafi a Kachia ya ji wannan muryar kafin ya taɓa bayar da umarnin harbi, ya ji ta daga bakin wanda ya ɗauki nauyinta fiye da shekara hamsin. Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni ana sakin tantabaru domin waɗanda suka kwanta dama, kuma ya dace. Na rayen ma suna da hakki, kuma nasu bai wuce a zauna a saurare su ba.

Ina da naɗin muryar Baba na sa'o'i masu yawa, da littafin nan na fensir, kuma ya yarda in miƙa su ga duk wanda ka aiko. Amma ya fi son a zo da kai a tambaye shi. Yana zama a zaure kullum bayan la'asar. Wanda zai zo ya zauna ta hagunsa, ya ɗaga murya kaɗan.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, ya kare yaranka da ke bakin daga.

Naka,
Ɗan wani tsohon sojan igwa, daga Kaduna.