Rahoton Kwamitin Gini Kan Kammala Ɗakin Karatu da Gyaran Tsohon Soro

Kwamitin gini yana sanar da jama'ar unguwa da duk waɗanda suka ba da gudummawa cewa an kammala aikin, an kuma miƙa makullai ga hukumar makaranta.

Tun a zaman farko aka samu saɓanin ra'ayi, domin wasu sun so a rushe tsohon soron a tayar da na bulo da kwano. Kwamiti bai bi wannan shawara ba, saboda ɗakin kwano ba ya zaunuwa a watan Afrilu sai da fanka, wuta kuma ba ta da tabbas. Mai zanen ginin ya kawo mana misalin garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, inda a 2018 masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa da aka matse da inji. Wannan hanya muka ɗauka.

An haƙo ƙasar a kusa da garin, aka matse bulon a filin aikin ba tare da an gasa shi ba, don haka ba a ƙona itace ba. Siminti ya tsaya ga harsashi da ginshiƙai da saman ƙofofi. Dogayen bangwayen ɗakin karatun suna fuskantar kudu da arewa, an kuma bar ƙananan tagogi can sama domin iska mai zafi ta fita. Bangon gabas, wanda ruwan damina ya fi duka, an yi masa rumfa.

Gyaran soron ne ya fi cin lokaci. Da magina suka ɓamɓare filastar simintin da aka taɓa yi masa, sai aka tarar tubalin ciki ya jiƙe yana marmashewa a hannu, domin siminti yana kulle danshi a jikin ginin ƙasa. An sake ɗora wuraren da suka ci, aka musanya azarar da ta tsage da sabuwa ta giginya, aka yi yaɓe da makuba, sannan aka tsawaita indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Dattawan magina ne suka jagoranci wannan ɓangare, matasa suna koyo a hannunsu, abin da kwamiti yake ganin ya kai ginin kansa muhimmanci.

Abin da ya rage shi ne kulawa. Dole a duba rufi da indararo kowace shekara kafin saukar ruwan fari, kuma kwamiti yana roƙon a ware kuɗin yaɓe a kasafin makaranta.